Kundin da Gara Ba Ta Ci Ba

Duk wanda ya san Zakiyyu Ɗayyabu a Ikara ya san shi da abu biyu: babur ɗinsa mai ƙarar injin niƙa, da saurin yanke shawara. Malamin kwamfuta ne a wata sakandare da ke bakin gari. In malamai sun tsaya suna kai-kawo a ofis kan ranar da za a yi jarrabawa, shi ke cewa Talata, kowa ya watse. Matarsa ma sati biyu da ganinta ya tura manya. Shi ya sa abokan aikinsa suka kasa gane yadda mutum irin wannan zai shafe wata uku yana kallon tambaya ɗaya a fuskar kwamfuta.

Manhaja ce ya rubuta, ta waya, ya sa mata suna Ruwan Shuka. Manomi zai zaɓi garinsu, ta gaya masa da murya a wane tauraro ake ciki, kuma a shekarun baya waɗanda suka yi shuka a irin wannan lokaci ta kama musu ko ta ƙone. Ba ta cin data. Shekara biyu ya yi yana haɗa ta, tsakanin tashi daga makaranta da kiran la'asar. Abin da ya rage kawai ya ɗora ta a shafin da masu rubuta manhaja ke ajiye aikinsu don kowa ya gani, ya ɗauka, ya gyara. Shafin yakan tambayi mai aiki wane lasisi yake so, wato wane sharaɗi ya gindaya wa wanda zai ɗauka. Nan Zakiyyu ya cije.

Yakan ce wa mutane maganar doka ce, sai an yi karatu a tsanake. Ba ita ba ce. Ranar da ya buɗe manhajar nan ga duniya, ranar ce wani mutum guda a Hunkuyi zai gane cewa Zakiyyu ya yi masa ƙarya shekara goma sha ɗaya da suka wuce, a gaban jama'a, a zauren mahaifinsa.

A Paki aka haife shi, gidan Malam Ɗayyabu. Malam na karantar da littattafan fiƙihu da safe, da hantsi ya saɓa fartanya kamar kowa. Amma abin da ke kawo baƙi gidan ba karatun ba ne, wani kundi ne da ya gada daga mahaifinsa Malam Hamisu. Takardu ne warwara a cikin gafaka, rubutun ajami. Kowace shekara shafi guda: ranar da aka yi ruwan farko, a wane tauraro, wa ya yi shuka ta kama, wa ya yi gaggawa ya sake sayen iri, shekarar da tsutsa ta ci masara, shekarar da aka yi sati uku ba ɗigo bayan dawa ta kai gwiwa. Malam bai taɓa cewa ya san gaibu ba. Cewa yake, "Ni ba na faɗin abin da zai zo. Abin da ya wuce nake karanta muku."

Da bazara ta yi nisa, hadari ya fara leƙowa ta gabas, sai zauren ya cika. Mutanen Malikanchi su zo a kan kekuna, na Maƙarfi su zo da tsarabar mazarƙwaila a ganye, wasu tun daga Kudan. Kowa da takardarsa da alƙalaminsa, ya zauna ya kwafa. Har yau in Zakiyyu ya ji ƙanshin ƙasa bayan ruwan farko, ƙanshin tawada yake ji tare da shi, da muryar dattawa suna gardama kan ko shekarar farin nan a cikin taurari Zira'a ce ta yi rowar ruwa ko Nasara.

Malam ba ya karɓar komai. Sharaɗi biyu yake faɗa, kullum da kalmomi iri ɗaya, yana miƙa gafakar da hannu biyu: "Ka rubuta sunan wanda ya ba ka a ƙarshen naka. Wanda ya zo maka kuma, kada ka hana shi." Akwai shekarar da mutumin da suka yi shari'ar iyakar gona da Malam ya zo, yana sunkuyar da kai. Malam ya sa aka shimfiɗa masa tabarma, aka kawo masa kunu, ya kwafa ya tafi. Ba su koma gaisawa ba, amma ya kwafa.

A gidan nan Saifullahi ya tashi. Ɗan Gwaggo Mukarrama ne, ƙanwar Malam da ke aure a Hunkuyi, an kawo shi karatu. Ɗan mace da ɗan namiji, abokan wasa ke nan, kuma sun ba wasan haƙƙinsa. Zakiyyu ba ya kiransa da suna, sai "bawan gidanmu". Shi kuma ya ce, "Ubangidan da ba ya iya riƙe alƙalami." A nan yake samunsa, don Zakiyyu bahago ne, rubutunsa na ajami kamar kaji sun bi ta kan takarda. Saifullahi kuwa in ya ja baƙi sai ka ce bugun inji.

Aka sa Zakiyyu a boko, ya wuce har kwaleji a Zariya. Saifullahi ya zauna gaban Malam. Da idon Malam ya fara rauni, shi yake faɗa, Saifullahi na rubutawa. Wani hutu Zakiyyu ya dawo ya buɗe gafakar, ya ƙirga: shafi tara na ƙarshe duk hannun Saifullahi ne. Ya ji Malam na gaya wa wani baƙo, "Saifu ne hannuna." Ya tsaya bayan asabari yana jira ya ji shi kuma mene ne. Malam ya ci gaba da maganar iri.

Malam ya rasu ana tsakiyar girbi. Ranar sadakar bakwai, zaure cike, Saifullahi ya matso ya ce a hankali yana so ya tafi da kundin Hunkuyi ya ƙarasa kwafar nasa, rabi ya yi. Zakiyyu bai shirya abin da zai faɗa ba. Ji ya yi bakinsa ya ce, "Ai gara ta cinye shi. Jiya na buɗe, sai ƙasa." Dattawa suka yi salati. Wani tsoho daga Malikanchi ya share hawaye, ya ce rasuwa biyu ke nan. Saifullahi ya dubi Zakiyyu, ya ce, "Allah ya sa haka ne mafi alheri." Ya tashi ya ɗauki takalmansa.

Abin da Zakiyyu bai hanga ba shi ne, ƙaryar da ya yi don mutum ɗaya dole ta hau kan kowa. Bazara ta zagayo, masu kekuna suka zo, ya maimaita musu labarin gara. Shekara ta biyu kaɗan suka zo. Ta uku ba kowa. Gafakar na ƙasan akwatin kayansa a Ikara, ƙarƙashin shaddar aurensa. Wasa kuma ya mutu. In sun haɗu da Saifullahi a suna ko jana'iza, sai gaisuwa mai tsawo, ina gajiya, ina iyali, ina kasuwa, irin wadda ake yi wa surukai. Ba wanda ya sake kiran wani bawa.

In aka tambaye shi dalilin da ya sa ya rubuta manhajar, yakan ce don manoma. Akwai wannan. Amma akwai kuma cewa ya gaji da kwana ɗaki ɗaya da gafakar, yana neman hanyar da kundin zai fita ba tare da shi ya fito da shi ba. Shafi-shafi ya juye shi cikin kwamfuta, shekara hamsin da bakwai na damina, yana gaya wa kansa zai ce bincike ya yi.

Ƙanwarsa Naja'atu ce ta taya shi wuraren da suka fi ƙarfinsa. Ita aikinta ke nan a Zariya, rubuta manhaja. Wata Asabar ta zo Ikara, bayan azahar suka zauna a inuwar mangwaron tsakar gida, kwamfuta a kan turmi da aka kifa.

Ta ce, "Yaya, wata uku. Ko sunan jariri ba ya kai haka."

"Ke ba ki san doka ba. In na yi kuskure ba ya gyaruwa."

"To bari in sake faɗa maka, na huɗu ke nan. Ga lasisin da ake kira MIT. Kowa ya ɗauka ya yi abin da ya ga dama, sunanka kawai zai bari a jiki. In ya so ya gyara tasa ya kulle, ba ruwanka."

"Ya kulle?"

"Ya kulle. Ga GPL kuma. Ya ɗauka, ya gyara, ya sayar ma in ya so. Amma duk wanda ya ba wa, dole ya ba shi har da rubutun cikinta, da irin damar da shi ya samu. Sunaye kuma su zauna."

Zakiyyu ya sosa gemu. "Babu wanda zai ce kowa ya ɗauka, ban da 'yan kasuwa?"

"Kana iya rubuta haka, amma ba buɗaɗɗiya ba ce kuma. Buɗaɗɗen lasisi ba ya ware mutum, ba ya ware sana'a."

"Ba duk 'yan kasuwa ba. A ce masu sayar da taki."

Naja'atu ta ajiye kofin zoɓon da ke hannunta. "Masu sayar da taki na ina? Na Hunkuyi? Masu shago kusa da 'yan hatsi, dogaye, masu ɗan gemu?"

"Ban kira sunan kowa ba."

"Ba lasisi kake nema ba, Yaya. Ƙofa kake nema wadda ta san fuskar mutum ɗaya."

Ya yi kamar yana duba cajin kwamfuta. Ta jawo ta gabanta, ta buɗe jerin shekarun, ta gangara har ta tsaya a kan guda. Ta karanta: "Ruwan shuka ya sauka daren Laraba, ranar da aka haifi Naja'atu. Wannan ma a binciken ka samo?"

Ta ɗago ta dube shi.

"Tun bara na gani. Na ce bari in ga ranar da za ka faɗa da bakinka." Muryarta ta sauka. "Ka san abin da ya ba ni haushi? Ba ƙaryar ba. Wata uku kana karanta lasisin Turawa, alhali wanda ka haddace tun kana yaro yana cikin jerin. Ka rubuta sunan wanda ya ba ka, kada ka hana wanda ya zo maka. Na farkon kaɗai, MIT ke nan. Duka biyun, GPL. Ka sani sarai. Na biyun ne ba ka so, don kai ka fara karya shi."

"In na sa, zai gani."

"Ko wanne ka sa zai gani. Shafi tara hannunsa ne. Zaɓinka ɗaya: ya ji a bakinka ko ya ji a wayar wani."

Ranar kasuwar Hunkuyi Zakiyyu ya ɗaure jakar kwamfuta a bayan babur, gafakar kuma ya sa ta cikin riga, a ƙirji. Hanya duk gonaki an yi sharar su, ana jiran ruwa. Sau biyu ya tsaya kamar zai duba taya.

Shagon Saifullahi na nan kusa da 'yan hatsi, buhunan taki har rufi, iri a gwangwanaye, maganin feshi a kan kanta. Saifullahi ya yi ƙiba, gemun ya fara fari. Ya miƙe, suka yi musabaha da hannu biyu.

"Malam Zakiyyu. Sannu da zuwa. Ina gajiya?"

"Ba gajiya, Alhaji. Ina kasuwa?"

"Da godiya. Ina Inna? Ina su Naja'atu?"

Suka bi gaisuwar har ƙarshenta, ba su tsallake ko ɗaya ba. Da ta ƙare, ba abin da ya rage a faɗa, Zakiyyu ya sa hannu cikin riga ya fito da gafakar, ya ɗora a kan buhun taki.

Saifullahi bai taɓa ta nan da nan ba. Ya je ya wanke hannu a buta, ya goge a rigarsa, sannan ya kwance igiyar. Busasshen ganyen darbejiya ya zubo. Ya ɗaga takardun a hankali har ya kai shafukan ƙarshe, ya tsaya yana kallon hannunsa na ƙuruciya.

Zakiyyu ya ce, "Gara ba ta ci ba."

"Na sani."

"Naja'atu ce ta gaya maka?"

"Wa ya zuba ganyen nan? Sati biyu kafin Malam ya kwanta ni na zuba, na sa gafakar a akwatin ƙarfe, na ɗora a kan duwatsu. Garar da za ta ci wannan sai ta zo da maƙera."

"To me ya sa ba ka yi magana ba?"

"A zauren? Ranar bakwai ɗin ubanka in ce kai maƙaryaci ne?" Saifullahi ya mayar da takardar. Ya leƙa waje, ya ga ba mai saye, ya zauna a kan benci. "Wannan shi ne dalilin ranar. Na sauran shekarun daban ne. Tunda ka kawo taka, bari in kawo tawa. Da kundin ya ɓace, ina ka ga mutane suka koma? Nan. Ni ne mai rabi a rubuce, rabi a ka. Mutum ya zo tambayar shuka, ba ya fita sai da buhu. Ka ga rufin nan, ka ga shago na biyu? Garar nan taka ta yi mini rana."

"Ka ba su sun kwafa?"

"Ina gaya musu da baki. Wanda ya ce zai kwafa, sai in ce nawa bai cika ba." Ya yi 'yar dariya ba daɗi. "Kai ka hana mutum ɗaya don haushi. Ni na hana gari don ciniki. Malam ya yi ɗalibai."

Wani manomi ya leƙo yana tambayar irin masara. Saifullahi ya sallame shi, ya dawo. Zakiyyu ya buɗe kwamfuta a kan kanta, ya jona da wayarsa, ya nuna masa manhajar. Ya zaɓi Paki, muryar ta yi magana. Saifullahi ya sa aka maimaita sau uku.

"Muryar wa?"

"Tawa."

"Shi ya sa. Har a waya kana cin baƙi." Ya gyara zama. "Yanzu in ka sake ta, kowa ya samu. Ba mai sake zuwa tambayata."

"Haka ne."

"To ni ma zan ɗauka. In sa a yi mini tawa, da sunan shagona a sama, in zuba wa duk wanda ya sayi taki."

Zakiyyu ya ji abin ya soke shi daidai inda ya yi wata uku yana karewa. Ya ga sunan shagon a saman aikinsa na shekara biyu, da manyan baƙaƙe.

"Kana iyawa. Lasisin bai hana ba. Amma sunaye za su zauna, kuma wanda ka ba wa, in ya nemi rubutun cikinta, har da abin da ka ƙara, ba ka da ikon hana shi."

"Wane Bature ne ya zauna a zauren Malam?"

Zakiyyu ya taɓa akwatin tambayar, jerin ya sauko, ya zaɓi GPL. Bai ɗauki daƙiƙa biyu ba. Wurin sunaye ne ya ci lokaci. Ya rubuta Malam Hamisu. Ya rubuta Malam Ɗayyabu. Yatsunsa suka tsaya a sama. Saifullahi na kallon titi kamar ba ya gani. Zakiyyu ya rubuta Saifullahi Hunkuyi, sannan nasa, sannan Naja'atu. Ya tura. Sabis ɗin kasuwa ya yi ta juyi, ya yi ta juyi, sannan ya wuce.

Saifullahi ya matso ya duba jerin shekarun. Ya sa yatsa a ƙarshe. "Nan ta tsaya?"

"Shekarar da Malam ya rasu. Ban rubuta komai ba bayan nan. Wanda ya ce gara ta ci, ina zai ce yana ci gaba?"

Idon Saifullahi ya je kan wata durowa a ƙarƙashin kanta, ya dawo. Zakiyyu ya san kallon nan tun suna satar mazarƙwailar baƙi.

"Kana rubutawa."

"Wa ya ce?"

"Goma sha ɗaya. Kowace damina. Hannunka ba zai iya zama ba."

"Ko da akwai, wannan nawa ne. Ba Malam ya faɗa mini ba, ni na bi gonaki na tambaya. Shi kaɗai ya rage mini da ba kowa ke da shi ba."

Zakiyyu ya rufe kwamfutar. Ya sauko daga benci ya zauna a ƙasa, kan tabarmar salla, yadda mutanen Malikanchi ke zama a zaure. Ya miƙa hannu biyu.

"To na zo maka."

Saifullahi ya daɗe yana kallonsa. A waje ana sauke buhunan masara daga mota, wani na kiran a matsa. Sannan ya jawo durowar, ya fito da wani littafin makaranta mai bangon shuɗi, gefensa duk ya lanƙwashe. Ya riƙe shi a ƙirji tukuna, kamar mai shirin fasawa.

"Ka rubuta sunan wanda ya ba ka," ya ce.

"Na riga na rubuta."

"Kuma a inji za ka kwafa, ba da hannu ba. Kada manoma su ɗauka kaji ne suka yi hasashen damina."

Zakiyyu ya karɓa da hannu biyu, ya buɗe shafin farko. Baƙaƙen nan ne dai, kamar bugun inji.

"Kawo mini ruwa in sha, bawan gidanmu," ya ce. "Tun ɗazu ubangidanka na zaune."